Kujera Ɗaya a Gindin Lemo

Karo na uku ke nan likitan haƙori yana mayar wa mai tsara lambu da zanenta. Ta tsaya a tsakar sabon gidansa, inda babu komai sai jar ƙasa da famfo. Ta zana masa lambun ciyawa, ya ƙi. Ta kawo na tsakuwa da furanni, ya ce da sauran gyara. Abin ya daina ba ta haushi, ya koma ɗaure mata kai.

"Likita, wai me ka gani a zanen nan?"

Ya sosa ƙeya, yana riƙe da bakin tef ɗin awonta kamar an ba shi amana. "Lambun ya yi, Malama. Kujerar ce."

Ta duba takardar. Ita ba ta dasa bishiya sai ta san wanda zai sha inuwarta, kuma tun ranar farko ya ce shi kaɗai ne a gidan. Shi ya sa ta ajiye kujera ɗaya a gindin lemo.

"Baƙi kake tsammani?"

"Mutum ɗaya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta fi ni sanin inda inuwa ke faɗawa."

Ta daɗe tana kallon tef ɗin da ya miƙe tsakaninsu, sannan ta ciro fensir.

"Lemo fa sai ya shekara huɗu kafin ya yi inuwa."

"Zan jira."

Ta zana kujera ta biyu, nesa kaɗan da ta farko.

"Batun matso da ita kuma," ta ce, "sai ka je ka tambayi Babana."