Notin da Sifanar Kasuwa Ba Ta Kwancewa

Ka tambaye ni wace manhaja za ka ɗora shafin kasuwancinka a kai, ni kuwa ban san kan waɗannan abubuwa ba. Sai dai akwai wani labari da na taho da shi daga yawona. Sunan garin ya zube mini, har da sunan mutumin. Gari ne dai mai fadama, ana noman rani. Abin da ya saura a kaina shi zan ba ka.

Wani mutum ne mai sayar da injunan ban ruwa. Yana da wata ɗabi'a da 'yan kasuwa ke yi masa dariya a kanta. Duk dillalin da ya kawo masa sabon inji, ba ya duban fenti, ba ya sauraron ƙara. Sai ya zaro tsohuwar sifana daga aljihu ya ɗora a kan noti. In ta kama, a yi ciniki. In notin irin wanda sai sifanar kamfani ke kwance shi ne, ya ce a kwashe, domin ya san ranar da injin zai tsaya a bakin kogi, kamfani na can birni, albasa na nan tana jin ƙishi. Shekara da shekaru yana rubuta yadda ake gyaran kowane inji da Hausa, mataki bayan mataki, hoton kowane ƙarfe kusa da bayaninsa, kuma da wannan makanikan ƙauyuka ke aiki. Shi ya sa manoma ke saye a wurinsa. Da takardun suka fara yagewa, sai ya ga gara ya zuba su a shafin intanet, kaya a gefe guda, bayanin gyara a gefe guda, kowa ya buɗe a wayarsa.

Mutum biyu suka zo masa da manhajar da za ta riƙe shafin. Na farko mai zaƙin baki ne. Ya buɗe kwamfuta, sai ga inji yana juyawa, ruwa na feshi kamar ka tara hannu. Ya ce shekarar farko kyauta ce, komai a wurinsu za a ajiye, ba ruwan Alhaji da wahala. Kyautar nan ita ta fara tsaya wa mai injuna a wuya. Ya kuma lura baƙon ya daɗe yana bayanin yadda ake shigar da rubutu, amma bai ce uffan ba a kan yadda ake fitar da shi. Sai ya miƙa masa bayanin gyaran kabireta, ya ce ya zuba. Aka zuba, ya yi kyau. Ya ce, "Madalla. To, fito mini da abina in tafi da shi." Baƙon ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, an sa ka a gidan bene kana tambayar ƙofar fita?" Mai injuna bai yi dariya ba. Da ya matsa, abin ya fito, amma rubutu a dunƙule, hotuna a watse, matakin ƙarshe ya rigayi na farko, kamar injin da aka kwance aka zuba a buhu. Baƙon ya ce in ana son ya daidaita sai an kira ofishinsu. Mai injuna ya shafa aljihun da sifanarsa take, ya yi masa godiya.

Ta biyun mace ce, abin da ta kawo kuwa ba ado, fari da baƙi kamar allo. Ya yi mata irin gwajin da ya yi wa wancan, bayanin ya fito yadda ya shiga, kowace kwamfuta na iya buɗe shi. Bai gamsu ba. Ya ɗauki tsohuwar wayarsa ya tafi cikin fadama inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, shafin ya buɗu. Ya dawo ya tambaye ta, in suka ɓata fa, ko rai ya yi halinsa? Ta ce duk wanda ya iya aikin zai iya ci gaba, sannan ta buɗe komai da sunan mai injuna, ta bar masa mabuɗin shiga shafin. Ya ɗauki nata, amma ko ita bai sakar mata jiki ba, duk ƙarshen kaka sai ya kwafe komai ya ajiye a gida.

Maƙwabcinsa a kasuwa, shi ma mai injuna ne da nasa bayanan gyara, ya ɗauki na mai zaƙin baki. Aka yi ta yaba shafinsa, ana cewa na mutuminmu bango ne da ba a yi wa yaɓe ba. Abin ya ɗan ci masa rai, har yakan buɗe na maƙwabcin a ɓoye ya kalla. Can a tsakiyar noman rani, masu manhajar suka sayar da kamfaninsu, sababbin suka rufe shafin maƙwabcin sai an bi sharaɗinsu. Injuna suka tsaya a gonaki, makanikai suka buɗe waya ba su ga komai ba, tumatir ya yi yaushi. Maƙwabcin ya nemi rubutunsa na kansa, aka aiko masa da irin buhun nan. Manomansa suka koma shagon da bango ba yaɓe.

Wannan na ƙarshe ban yarda da ƙwaƙwalwata a kansa ba, na ɗauka na haɗa labari biyu ne. Sai Allah ya haɗa ni da maƙwabcin a mota, na tambaye shi. Ya ce haka aka yi, kuma har ranar bai gama sake rubuta bayanan ba. Da ma Hausawa sun ce, zanen aro ba ya rufe katara.