Baba, Farashi Yana Hawa

Shekara arba'in da biyu Baba Mai Agogo ya yi a ɗan shagonsa na ƙarƙashin matakalar bene, gilashi maƙale a ido, hantsaki a hannu. Bana hantsakin ya fara kuskure. Sai ya kai zai ɗauki ɗan ƙaramin noti, ya ɗauko iska.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya cinye na hagu.

"Na daman nan, in an yi aiki cikin wata biyu za a tsira da shi," in ji likita. "In aka wuce haka, Baba, abin da ya tafi ba ya dawowa."

Baba ba shi da gida ko fili da zai sayar. Abu ɗaya ya mallaka, tsohon agogon hannu da maigidansa, wanda ya koya masa sana'a, ya bar masa. Da can ko kyauta aka ba mutum irin wannan samfurin sai ya yi yanga. Kwatsam masu hannu da shuni suka waiwayo shi, yayinsa ya dawo, ana wawarsa a intanet.

Autansa kuwa dillancin agogo yake yi a waya. Yana da fitila mai zobe da farin ƙyalle na ɗaukar hoto, ga mabiya ba iyaka. Rabonsa da shagon uban har an manta, wai warin man inji yana sa shi ciwon kai. Amma da ya ji labarin agogon, a ranar ya zo, har da durƙusawa.

"Auta, ka sayar ko nawa ne, in dai zai biya aikin," Baba ya ce. Ya damƙa masa agogon, zuciyarsa fara ƙal, don a ganinsa ɗa ba ya cin amanar uba.

Kwana uku da ɗora hoton agogon a shafinsa, wani ya taya da abin da zai biya aikin har da magani. Auta ya ce albarka.

Da Baba ya ji, sai ya ce: "Ɗan nan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kira mutumin nan."

"Baba, kai cikin agogo ka sani, ni na san kasuwarsa. Farashi yana hawa. Ka ba ni mako biyu ka ga ninki."

Mako biyu suka zama biyar. Kullum Baba ya farka, duniya ta ƙara tsukewa, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ya daina karɓar gyara. In ya kira Auta, sai ya ji amsa guda: farashi yana hawa. Daga baya ma Auta ya daina ɗaga wayar. Tsoro ya kama tsohon nan sosai, amma kunya ta hana shi kai ƙarar ɗan cikinsa wurin kowa.

Shi kuwa yayi ba ya sallama in zai tafi. Masu tallar kayan ƙawa suka koma kan wani samfuri, ƙarami siriri, jama'a suka bi su ɗuu. Shafin Auta ya yi tsit. Ya nemi mai tayin farko, aka ce tuni ya sayi wani.

Nan ido ya raina fata. Auta ya dubi agogon, ya ga fuskarsa ta koɗe, jikinsa duk kwarzane, ya yanke cewa tsufa ne ya kori masu saye. Bai shawarci uban da ya ƙare rayuwarsa a kan agogo ba. Ya kai wa mai wanke sarƙoƙi, aka goge shi da inji, aka cire tsohuwar fuskar aka sa sabuwa mai ƙyalli.

Ya ɗora sabon hoto, sai dariya ta biyo baya. Ashe masu tara tsofaffin agogo koɗewar nan da kwarzanen suke saye, su ne shaidar cewa ba hannun da ya taɓa shi. Wani ya rubuta masa: "Ka kashe shi, malam. Yanzu ko rabin rabi ba mai ba ka."

Ranar da maƙwabci ya riƙe hannun Baba ya mayar da shi asibiti, likita ya haska fitila a idon na dama. Baba bai ga hasken ba, bai ma san an kunna ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Auta ya shigo shagon ya ajiye masa agogon a tafin hannu. Baba ya bi gefensa da babban yatsa. Kusurwoyin da ya sani duk sun mulmule.

"Wa ya kai shi inji?" ya tambaya a hankali.

"To ai da ka adana shi da kyau, da ban kai ba," in ji Auta.

Hawaye suka zubo daga idanun da ba su da sauran aiki. Baba ya ji ɗan nasa yana jan aljihun tebur, ƙarafa suna ƙara, ya ji an shimfiɗa ƙyalle.

"Me kake yi, Auta?"

"Tsofaffin kayan aiki ake yayi yanzu. Tunda ba amfanin da za su yi maka, bari in ɗauki hotonsu. Matsa kaɗan, Baba, kana tare mini haske."

Baba ya laluba bango, ya matsa.

Jama'a, yayi yana zuwa yana wucewa, amma lafiya ba ta jiran farashi. In aka damƙa maka amanar mai larura, ka sauke ta a kan lokaci, kada kwaɗayin ƙari ya sa ka yi caca da rayuwar iyayenka.