Jar Munduwar Kande

A zamanin da hukuma ta ɗaura wa kowane tsoho munduwar auna lafiya, Inna Tasalla da ƙawayenta biyar suka gama ginin gidan da za su tsufa tare a bayan garin Ringim.

Ranar tarewa, ma'aikacin hukuma ya tare Kande, aminiyar Tasalla, a bakin ƙofa.

"Inna, taki ta yi ja. Masu ja gidan jinya na birni ake kai su."

Kande ta ja mayafi ta rufe hannunta kamar wadda ta yi sata. Abin ya ƙona ran Tasalla.

"Kai yaro, ai don ranar ciwo muka gina gidan nan! Ni na taya ta zaman takaba, ni zan yi jinyarta."

"Doka ce, Inna. Mota na hanya."

Tasalla ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da Kande, ta ƙulle bakin zanenta da nata tamau. Sauran matan suka zauna, kowacce ta ƙulla nata.

"To, ta zo," in ji Tasalla. "Allah ya sa tana cin mutum shida."