Tafkin da Baba Ya Ɓoye

Da ta haura dutsen ƙarshe ranar Asabar, hayaniya ce ta tarye ta.

A ƙasarsu, gara mutum ya ba ka mukullin gidansa da ya nuna maka inda yake kamun kifi. Wannan ɗan tafki da ke kwance tsakanin duwatsu masu hular ƙanƙara, babansu bai taɓa nuna wa kowa shi ba sai ita da ƙanenta. Nan suka watsa tokar gawarsa bara, suka rantse bakinsu ƙanin ƙafarsu.

Yau ga baƙi sun cika bakin ruwan, kowa ya ɗaga waya. Wata har ta tsoma ƙafa tana ihun sanyi. A gabansu ƙanen nata ne, riƙe da 'yar tuta, sanye da rigar sanyin Baba.

"Sirrin gidanmu ne," yake gaya musu. "Ku kaɗai na kawo."

"Auta," ta ce, "a kan Baba fa suke tsaye."

Ya yi mata irin murmushin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, ɗan matsa gefe. Kina shiga hoton."