Ƙauyen da Ya Ɓoye Kansa

Kai Tanimu, da gemunka da komai, mai mata da 'ya'ya, ka zo kana tambayata ko ka gaya wa masu ƙidaya gaskiyar yawan gidanka? Wannan har abin tambaya ne? Ja tabarma ka zauna. Ban shiga aji ba, amma na ga abin da ya fi allo.

An yi wani manomi a wani ɗan ƙauye bayan fadama, mutum mai rufin asiri, wanda in ya yi tari duk unguwa sai ta gyara zama. Gidansa cike yake dam, tukunyar tuwonsu sai mata biyu suke sauke ta. Abu ɗaya ya hana garin barci, ruwa. Rijiyarsu da an shiga bazara sai ta koma laka. Ana nan sai ga baƙi sun zo ƙirga mutane, aka ce tsakanin su da ƙauyen da ke tsallaken fadama, wanda ya fi jama'a shi za a haƙa wa burtsatse. Manomin nan ya tare su a zaure. Da aka tambaye shi yawan gidansa, sai ya shiga lissafi a ransa. Ɗan fari dai ba ya iya kama sunansa don kunya, ya tsallake shi, ya tsallake matar ɗan da 'ya'yansa tare da shi. Jaririn da ba a raɗa wa suna ba, ya ce a ransa wannan bai zama mutum ba tukuna. 'Yammatan kuwa ya ji tsoron baki, kada a ce gidan wane ya yi albarka, ido ya kama su. Ga kuma zancen kakanni, cewa duk wanda aka ƙirga, haraji na biye da shi. Sai ya ce, “Ni ne da iyalina, da 'yan yara uku.” Maƙwabta da suka ji abin da babba ya yi, kowa ya kora nasa bayan rumbu.

Burtsatse ya tafi tsallake, garin da ko rabinsu bai kai ba. Bazara ta zo, rijiya ta ƙafe. Matan gidansa suka ɗauki tuluna suka bi layi a garin mutane, ana yi musu dariya: “Ku da aka ce ba ku da yawa, daga ina wannan rundunar ta fito?” Surukarsa da tsohon ciki ta yanke jiki ta faɗi a hanya, tulu ya fashe, da ƙyar aka kawo ta gida a amalanke. Ya saɓa babbar riga ya je wajen hukuma ya kai kuka, aka ce masa, “Baba, ai da bakinka ka faɗa.” Ya juyo gida. Tun daga nan kullum da sassafe yana tsaye a ƙofar gida, tuluna na wucewa ta gabansa, yana lissafa su ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata kowa ya dawo. Ƙidayar da ya ƙi yi sau ɗaya a zaune, ita ya yi ta yi a tsaye har ya tsufa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe in sun zo, ka faɗi kowa, har wanda ke goye. Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa kamar zomaye, ku tashi ku kwanta, kada in ɗauko muciya!