Kiristal Ɗin da Ya Zame da Rana Tsaka

Kai da kake shirin haɗa taka rediyon, tsaya ka ji. An yi wani mutum mai sha'awar wayoyi da ya haɗa rediyo da hannunsa, irin wadda ake jonawa da kwamfuta, allo ya nuna maka inda kowace murya take. Da ita yake sauraren ƙanensa, direban babbar mota da ke ratsa sahara, can inda wayar hannu ba ta aiki. Sun tsayar da mita guda, kullum da hantsi ƙanen yakan kira ya faɗi inda ya kai. To, a cikin rediyon akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, ana ce masa kiristal. Shi ne ke riƙe rediyo a kan mitar da aka ɗora ta. Ran nan nasa ya tsage. Maimakon ya jira wanda aka yi don jure zafi, sai ya ɓamɓaro wani daga tsohon allon kwamfuta. Girma ɗaya, ƙyalli ɗaya, har lambar jikinsu ɗaya. Ya gwada da sanyin safiya, murya ta fito tar, ya ce ai shi ke nan.

Rannan kira bai zo ba sai da rana ta take, ɗakin kwano ya zama kamar tanderu. Muryar ƙanen ta shigo a dushe: mota ta mutu, ruwan sha ya kusa ƙarewa, suna kusa da rijiyar... Nan muryar ta sirance kamar kukan sauro, ta zame. Zafi ya taɓa kiristal, rediyon ta kauce daga mitar. Mutumin ya matsar da mita dama, ya matsar hagu, yana ganin layin muryar a allo yana gudunsa. Sai ya tsinci kalma ɗaya ta sunan rijiyar, kafin ta biyu ta iso muryar ta sake suɓucewa. Tsohuwarsu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ka ji shi? Yana ina?" Ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan rediyon, ya yi fifita da murfin kwano, gumi na zuba masa a ido. Da la'asar ta yi sanyi rediyon ta dawo daidai, amma batirin ƙanen ya riga ya ƙare, sai shuuu kawai. Da rabin sunan rijiya masu ceto suka fita, suka yi ta bulayi daga wannan rijiya zuwa waccan. Sun tarar da ƙanen kwance ƙarƙashin mota, leɓɓansa sun tsattsage, da sauran numfashi. Wani dattijo da ƙanen ya ɗauko a hanya kuwa, sai kabarinsa suka gani a cikin rairayi.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, kama da wane ba ta wane.