Mai Ɓata Tarbiyyar Mage

Ƙas!

Kyanwar ta juya wa ƙwaryar nono baya, ta zauna kan tabarma. Musbahu ya miƙa mata gutsuren busasshen kifi.

Shekarun da ya yi a Legas, a wani asibitin dabbobi ya yi su, yana wanke karnukan masu hali. Da ya zo hutu Farin Dutse, abin da ya fi ji da shi cikin jakarsa shi ne wani ɗan ƙarfe mai ƙara idan an danna. Dabarar ba wuya, in ji shi: da zarar dabba ta yi abin da kake so, ka danna, ka ba ta abin daɗi. Ba duka, ba tsawa. Ko biro mai dannawa ma yana yi.

Bappa, ƙanen mahaifinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato Ikko ka je ka koyo malantar kyanwa."

Mage kyanwar marigayi babansa ce, ita kaɗai ta rage cikin abubuwan da marigayin yake so. Amma ta addabi nonon da mahaifiyarsa, Inna Hawwa, ke kaiwa kasuwar Gwaram, har Bappa ya tanadi buhun da zai kai ta daji. Dariyar ce ta tunzura Musbahu. A gaban kowa ya rantse: "Wallahi ba zan bar garin nan ba sai Mage ta daina taɓa ƙwarya."

Bai ɗauka za a daɗe ba. Shi kansa a ƙage yake. Ƙauyen ya yi masa kaɗan, ga Obadiya, abokinsa direban motar shanu a Birnin Kudu, ya yi masa alkawarin kujerar gaba zuwa Legas.

Inna na gefe. Shi ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa a gaban kowa, ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai koma ba, kamar yadda ba ta ce masa kada ya tafi ba a karon farko. Tana dai zaune tana kaɗa nono. Sau ɗaya ta yi magana, ita ma fuskarta na kallon bango.

"Kafin ta yi ake dannawa, ko bayan ta yi?"

"Tana yi ana dannawa, Inna."

Mage ta ɗauki karatu. Aka kai ana barin ƙwarya a buɗe, ta wuce ko kallo babu. Musbahu ya kira Obadiya, ya linke kayansa.

Washegari aka tarar da ita ƙafa tsundum cikin nono.

Ya sake daga farko. Ta gyaru. Ya sake kiran Obadiya. Ta sake lalacewa.

A karo na uku ne ya lura da abin da ya sa gabansa faɗuwa. Mage ta tsoma ƙafa a ƙwarya, amma ba ta sha ba, ba ta kuma gudu ba. Waiwayowa ta yi tana jira. Ɓarauniyar kyanwa ba ta jira. Wadda aka saba biya ce ke jira.

Akwai mai koya mata.

Daga ranar ya shiga sa ido. Kifin da yake ajiyewa a gwangwani yana raguwa fiye da yadda yake bayarwa. Bironsa ya ɓace daga aljihun riga. Mero, maƙwabciyarsu, ita ma mai sayar da nono, ta cika shigowa aron maburgi, kuma duk ranar da nasu ya lalace nata ke ƙarewa da wuri. Amma Bappa ya fi tsaya masa a rai. Buhun nan har yanzu yana rataye a ƙofar ɗakinsa.

Ya tare shi a gindin tsamiya. "Bappa, in so kake in ji kunya, ai gara ka faɗa mini."

"Ni? Ni da nake jiran ka tafi in zuba gyaɗa a ɗakinka?"

Musbahu bai yarda ba. Ya ga yadda Bappa ya goge hannu a riga.

Ran nan Obadiya ya kira, ba wasa a muryarsa. Saƙo ya zo daga Legas: in Musbahu bai biyo motar wannan makon ba, an ba wani aikinsa. Ga rantsuwa, ga abinci. Dole ya kama mai yi masa wannan ɗanyen aiki.

Da hantsi ya sa takalmi, ya ɗaga murya yadda har gidan Mero za a ji. "Inna, na tafi Birnin Kudu, sai yamma."

"A dawo lafiya," ta ce wa ƙwaryarta.

Ya hau acaɓa, ana fita gari ya sauka. Ya ratso ta cikin gonar dawa a duƙe, ya zo bayan danga, ya sa ido a wata 'yar kafa.

Tsakar gida shiru. Mage na kan tabarma, ƙwarya a rufe da faifai. Ya jira har ƙafarsa ta yi tsami. Bappa bai shigo ba. Mero ba ta leƙo ba.

Sai wani hannu ya zare faifan a hankali, ya tura ƙwaryar gaban kyanwar. Mage ta yi jim, ta miƙa ƙafa, ta tsoma.

Ƙas!

Inna Hawwa ta mayar da biron cikin ƙullin zanenta, ta miƙa wa kyanwar kifi, ta shafa kanta, ta ce ƙasa-ƙasa: "Yauwa, 'yar albarka. Riƙe mini Musbahu har a yi girbi."